Faifan jaz na arha da ke fitowa daga Turai: satar fasaha ce ko doka ta yarda?

Duk wanda ya taɓa shiga intanet neman tsofaffin kiɗan jaz, kiɗan bushe bushe da ya samo asali daga baƙar fatar Amurka, zai ci karo da wani abu mai ruɗarwa. Ka rubuta sunan Buddy DeFranco, mai busa kilarinet (wani abin busa na katako) ɗin nan na Amurka, sai kaga albam ɗaya ya fito maka da bango uku ko huɗu, kowanne da kamfaninsa, wani daga Sifen wani daga Ingila wani daga Amurka, kuɗin ma ba ɗaya ba, sai kaga akwatin sidi huɗu mai ɗauke da albam takwas kuɗinsa bai kai na albam ɗaya da kamfanin asali ya fitar ba. Daga nan gardama ke tashi tsakanin masu tara faifai, wasu su ce ai wannan satar fasaha ce ƙarara, wasu su ce a'a doka ce ta basu dama. Kowane ɓangare kuma akwai inda yake da gaskiya, domin amsar ta danganta da ƙasar da faifan yake, da shekarar da aka fara fitar da shi, da kuma wane haƙƙi ake magana akai.

Haƙƙi biyu ne a cikin faifai ɗaya

Idan ka ɗauki faifai ɗaya, haƙƙin mallaka biyu ne kwance a cikinsa. Akwai haƙƙin wanda ya tsara kiɗan, wato wanda ya ƙirƙiro karin tun kafin kowa ya shiga situdiyo. Akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa, wato wannan busar da aka yi rana kaza a ɗaki kaza aka ɗauke ta a tef. Na farko yawanci yana hannun mai tsara kiɗan ko magadansa ko kamfanin da ya saya a gurinsu, na biyu kuwa kamfanin faifai ne ke riƙe da shi tunda shi ya biya situdiyo da makaɗa. Wa'adinsu ma ba ɗaya bane. A Turai haƙƙin tsara kiɗa yana nan har shekara 70 bayan mutuwar mai shi, kenan abinda Thelonious Monk ya tsara, wanda ya mutu a 1982, yana kulle har ƙarshen 2052. Shi kuwa haƙƙin sauti ba ruwansa da mutuwar kowa, daga shekarar da aka fitar da faifan ake fara ƙirge.

In wa'adi ya cika sai abin ya zama na kowa, kamar tatsuniya ko karin magana, kowa na iya ɗauka ya buga ya sayar ba sai ya nemi izini ba. To amma ana samun sautin ya zama na kowa alhali kiɗan da aka busa a ciki yana da mai shi, dan haka kamfanin da ya sake bugawa dole ya biya ƙungiyoyin da ke karɓar wa masu tsara kiɗa kasonsu, amma kamfanin asali da makaɗan da suka yi busar ko sisi doka bata tilasta masa ya basu ba.

Daga nan za a gane faifan da ake sake fitarwa kala uku ne. Akwai mai lasisi, wanda kamfanin asali ya fitar da kansa ko ya bada izini aka biya shi, irin aikin da kamfanin Mosaic na Amurka yake yi tun farkon shekarun 1980. Akwai wanda wa'adinsa ya cika a ƙasar da aka buga shi, shine na arhar da ake gardama akai. Sai na ukun wanda shine satar fasaha ta ainihi, jabun kwafi na faifan da wa'adinsa bai cika ba. Mutane da yawa suna haɗa na biyu da na uku su yi musu kuɗin goro, alhali a gaban alƙali ba ɗaya suke ba. Maganar bango kuwa, hoton da ke jikin faifan asali da bayanin da aka rubuta a bayansa da tambarin kamfani irin Blue Note ko Verve kowanne da nasa haƙƙin daban, shi yasa masu bugun arha sukan canza hoto su cire tambari, shine dalilin da kake ganin albam ɗaya da fuska da yawa.

Katangar 1963 a Turai

Shekara da shekaru dokar Tarayyar Turai shekara 50 ta ba sautin da aka naɗa. Kenan duk ranar 1 ga Janairu sai faifan shekara guda cur su zama na kowa, kuma da aka shigo shekarun 2000 sai abin ya iso kan zamanin da jaz ya fi albarka, na 1950 zuwa 1960. Ƙananan kamfanoni a Sifen da Andora da Ingila suka duƙufa, duk shekara sabon girbi. Albam ɗin Miles Davis mai suna Kind of Blue na 1959, wanda da wuya a samu faifan jaz da ya kai shi kasuwa, shima ta haka ya fita.

Da aka ga abin ya tunkaro faifan Beatles da sauran mawaƙan farkon 1960 sai manyan kamfanoni da wasu tsofaffin mawaƙa suka tashi tsaye, mawaƙin Ingila Cliff Richard na gaba gaba har ake laƙaba wa dokar sunansa. Hujjarsu itace mutum ya yi waƙa yana ɗan shekara 20, ya kai 70 lokacin da ya fi buƙatar kuɗin sai a yanke masa. Wani binciken da gwamnatin Ingila ta sa aka yi a 2006, wanda Andrew Gowers ya jagoranta, ya bada shawarar kar a ƙara wa'adin. Hukumar Tarayyar Turai kuma a 2008 shekara 95 ta nema. Aka yi ta ja har aka tsaya akan 70 a dokar 2011, wadda ta fara aiki 1 ga Nuwamba 2013.

Abin lura shine dokar bata waiwaya baya ba, abinda ya riga ya fita ya fita. Duk faifan da aka fitar zuwa ƙarshen 1962 yana nan a matsayin na kowa, na 1963 zuwa sama kuwa ƙofa ta rufe a kansu. In ka duba kayan waɗannan kamfanoni zaka ga kusan dukkansu a 1962 suke cin birki, ba wai jaz ya ƙare a nan bane, katangar ce a gurin. Dokar ta zo da wasu sharuɗɗa domin makaɗa, ciki har da ware kashi 20 cikin ɗari na kuɗin da kamfani ya samu a ƙarin shekarun domin 'yan rakiyar da aka sallama da kuɗin yini tun farko, da kuma ba mawaƙi damar karɓe haƙƙinsa in kamfani ya ƙi fitar da faifan kasuwa. Sautin da aka naɗa ba a taɓa fitarwa ba har ya shekara 50 shi bai samu ƙarin ba, wannan yasa a ƙarshen 2012 kamfanin Sony ya buga wasu tsofaffin naɗe naɗen Bob Dylan kwafi kusan 100 kacal a Turai, dan kawai a rubuta cewa an fitar.

Amurka tata hanyar daban

A Amurka kuwa, inda aka yi kiɗan, labarin ya fi haka sarƙaƙiya. Dokar tarayya bata fara kare sautin da aka naɗa ba sai 15 ga Fabrairu 1972, na kafin nan dokokin jihohi aka bar wa, kowace jiha da nata. A 2005 babbar kotun jihar New York ta yanke hukunci a shari'ar kamfanonin faifai Capitol da Naxos, inda Naxos ya sake fitar da wasu faifan da aka naɗa a Ingila a shekarun 1930, na su Yehudi Menuhin da Pablo Casals, waɗanda wa'adinsu ya daɗe da cika a Ingila, kotu tace duk da haka a New York suna da kariya. Wannan hukunci ya nuna a fili cewa cikar wa'adi a wata ƙasa baya bin faifai ya tsallaka teku.

A Oktoba 2018 aka sa hannu a dokar Music Modernization Act ta haɗe komai ƙarƙashin tarayya ta kuma tsara jadawali. Na kafin 1923 sun zama na kowa ranar 1 ga Janairu 2022. Na 1923 zuwa 1946 shekara 100 daga fitarwa, na 1947 zuwa 1956 shekara 110, na 1957 zuwa Fabrairu 1972 kuma dukkansu sai 15 ga Fabrairu 2067. Kaga kenan faifan shekarun 1950 da ɗan birnin Basalona na Sifen zai buga ya sayar hankali kwance tun shekara goma sha da suka wuce, a Amurka sai bayan 2060 zai zama na kowa. Duk da haka ana samunsu a shagunan intanet na Amurka, saboda ba kasafai masu haƙƙi ke bin kowane ɗan faifai kotu ba in kuɗin lauya ya fi ribar, amma rashin kai ƙara bai mayar da shi halal a dokar can ba.

Ina kilarinet ya shigo maganar

Wani zai ce to mene haɗin wannan da masu busa kilarinet. Haɗin shine su ne suka fi nuna inda gizo ke saƙar, domin Miles Davis ko John Coltrane ko da doka ko babu kamfanin asali zai ci gaba da buga faifansu tunda ana saye, masu kilarinet na salon jaz mai sauri da ake kira bibop kuwa 'yan tsiraru ne da kasuwa ta daɗe da juya musu baya.

Kilarinet abin busa ne na baƙin katako mai ramuka da maɓallai, ana ɗaura masa ɗan siririn kara guda ɗaya a baki shi ke kaɗawa ya bada sauti. A zamanin kiɗan suwin na shekarun 1930 shine sarki, Benny Goodman da Artie Shaw da shi suke jan manyan ƙungiyoyin makaɗa, Goodman har ya cika zauren Carnegie Hall a Janairu 1938. Sai a farkon 1940 wasu matasa baƙar fata a unguwar Harlem, su Charlie Parker da Dizzy Gillespie da Monk da Kenny Clarke, a gidajen rawa irin Minton's suka fito da wani sabon salo da aka kira bibop, ƙungiya ƙarama, gudu kamar ana korarsu har wajen bugu 300 a minti ɗaya, kari mai lanƙwasa da yawan sauye sauye, kiɗa na zama a saurara ba na rawa ba. Cikin 'yan shekaru wasu kayan busa na ƙarfe, saksafon da tirampet, suka mamaye fili, kilarinet ya koma gefe.

Dalilin ba ra'ayi bane kawai, yana cikin ƙirar abin. Saksafon cikinsa yana buɗewa ne kamar mazurari, in ka danna maɓallin hawa da babban yatsa sautin yana tsallaka hawa takwas, daga do zuwa do na sama, sauran yatsunka na nan yadda suke. Kilarinet cikinsa miƙaƙƙe ne kamar bututu, dan haka hawa goma sha biyu yake tsallakawa, kenan yatsun da suka baka wani sauti a ƙasa wani daban zasu baka a sama, sai ka haddace tsari biyu ko uku. Kuma a tsakiyarsa akwai wata mahaɗa inda daga kusan duk ramuka a buɗe zaka koma kusan duk a rufe cikin ƙiftawar ido, karin bibop kuwa a daidai wannan gurin yake kai da kawowa. Ga ramukan da tsokar yatsa ake toshe su, in iska ta ɗan tsira kaɗan sai yayi ƙara mai tsini. Ga shi muryarsa bata kai ta saksafon kauri ba, makaɗan gangar bibop kuma ba sa sassautawa. Ƙari akan haka matasa suna kallonsa a matsayin kayan iyaye, na zamanin da suke son wucewa.

Waɗanda suka jure ba su da yawa. DeFranco, haifaffen Camden a jihar New Jersey a 1923, ya yi aiki da Tommy Dorsey da ƙaramar ƙungiyar Count Basie ta 1950, ya ɗauki salon Parker ya ɗora akan kilarinet da tsabtar yatsu da har yau masu koyo ke komawa gare ta, ya yi faifai da Art Blakey a ganga da Kenny Drew sannan Sonny Clark a fiyano, a 1956 kuma suka shiga situdiyo da mai fiyano Art Tatum a ƙarƙashin mai kamfanin faifai Norman Granz. Duk da haka da kasuwa ta yi tsami sai da ya koma jan ƙungiyar suwin ta Glenn Miller daga 1966 zuwa 1974, wato kiɗan da ya baro a baya. Tony Scott, wanda ya yi aiki da Billie Holiday ya kuma ɗauki Bill Evans tun bai yi suna ba, shi busarsa mai zafi ce da ƙarfi, a 1959 ya bar Amurka ya nufi gabashin Asiya, ya ƙarasa rayuwarsa a Rum a 2007. Sai Stan Hasselgård ɗan Suwidin, wanda Goodman da kansa ya saka shi cikin ƙungiyarsa a 1948, mai kilarinet na biyu a gefensa, ya mutu a haɗarin mota a jihar Illinois a Nuwambar shekarar yana da shekara 26. Shekarar 1948 kuma ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta Amurka ta hana shiga situdiyo, kamar yadda ta yi daga 1942 zuwa 1944 lokacin da bibop ke tasowa, dan haka abinda ya rage na zamansa da Goodman yawanci naɗin rediyo ne daga wani gidan rawa a Filadelfiya, wanda daga baya wani ƙaramin kamfanin Suwidin mai suna Dragon ya fitar.

Yanzu a ɗora wannan akan katangar 1963. Aikin DeFranco na shekarun 1950 gaba ɗaya yana ɓangaren da ya zama na kowa a Turai, shi yasa ake samunsa a arha ta ko'ina. Amma Blues Bag da ya naɗa a 1964 da babban kilarinet mai kauri, da Music for Zen Meditation da Scott ya naɗa a Japan a shekarar, sun faɗa ɗaya ɓangaren, fitowarsu sai yadda mai haƙƙi ya ga dama.

Abinda kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon bayan bugun arha hujjarsu mai ƙarfi itace samuwa. Wani bincike da Tim Brooks ya yi wa Laburaren Majalisar Amurka a 2005 ya nuna cewa cikin muhimman faifan da aka fitar daga 1890 zuwa 1964, kashi 14 cikin ɗari ne kawai masu haƙƙin suka sake fitarwa. Suna cewa babban kamfani ya kulle tef a sito, baya bugawa kuma baya barin wani ya buga, wa ya amfana? Suna ƙarawa da cewa yawancin 'yan rakiya kuɗin yini aka biya su aka sallame su, ko kamfanin asali ne ya sake bugawa ba lallai wani abu ya iso gidajensu ba, kenan cewa ana cin haƙƙin makaɗa ba ko yaushe yake zama daidai ba. Kuma ba duk kamfanonin ne 'yan ci da gumin wani ba, akwai irin su Fresh Sound na Basalona da suka yi suna wajen tono makaɗan da aka manta da su.

Masu suka kuma suna cewa abinda doka ta halatta ba lallai ya zama adalci ba. DeFranco ya rayu har Disamba 2014, da idonsa ya ga wa'adin faifansa ya cika a Turai. Sannan mastar, wato tef ɗin asali, tana hannun kamfanin da ya naɗa, mai bugun arha bashi da ita, sai dai ya kwafo daga tsohon faifai ko daga sidin da wani ya riga ya gyara. Anan ne ciwon yake. Kamfani irin Mosaic zai biya lasisi, ya biya injiniya ya tsaftace sauti, ya biya mai bincike ya tantance wa ya busa me a wace rana, ya buga adadi ƙayyadadde, kamar yadda ya tattara dukkan aikin DeFranco da Sonny Clark a akwati ɗaya, in kuwa wani zai iya fitar da kiɗan nan a kwata ɗin kuɗin, gobe wa zai sake zuba jari a irin wannan aiki? Maganar ko gyaran sauti shi kaɗai yana bada sabon haƙƙi kuwa, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka a 2018 tace gyara kawai ba tare da sabuwar ƙirƙira ba baya bayarwa. Masu goyon baya kan mayar da martani da gobarar da ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Universal a Amurka a 2008 ta cinye ɗimbin mastoci, suce ajiya a hannu ɗaya ma tana da nata haɗarin.

In aka auna, hujjar samuwa ta fi nauyi akan makaɗan da aka yi watsi da su, hujjar inganci da zuba jari kuma ta fi nauyi a inda akwai bugun lasisi a kasuwa wani ya zo ya karya masa farashi.

Mai saye da mai saurare fa?

Ga talakan mai saurare, dokar nan kan mai bugawa da mai sayarwa take sauka, ba kan wanda ya sayi kwafi ɗaya ya kunna a ɗakinsa ba. Abinda ya fi shafarsa shine ya san me yake saye. Faifan lasisi yakan rubuta sunan kamfanin da ya bada izini da sunan injiniyan da ya gyara sautin da kuma inda aka samo shi, na arha kuwa sau da yawa shiru zaka ji akan wannan, sai tulin ƙarin waƙoƙi da ba sa cikin na asali, shekarun kuma duk ƙasa da 1963. A Spotify da YouTube ma haka abin yake, kuɗin sauraro yana tafiya ne gurin wanda ya ɗora kwafin da ka danna, wani kwafin ma a wata ƙasa zai buɗu a wata ƙasar ya ƙi. Mai koyon busa da ke son jin yadda DeFranco ke ratsa mahaɗar nan ta tsakiya zai ji bambancin sauti mai tsabta da wanda aka kwafo daga kwafi, mai son sanin tarihi kawai da ɗan kuɗinsa kuma na arhar zai biya masa buƙata.

Mai ɗora kiɗa a bidiyonsa shi ya fi kowa buƙatar kula, domin ko sautin ya zama na kowa a Turai, haƙƙin tsara kiɗan na iya kama shi, kamfanonin intanet ɗin kuma yawancinsu na Amurka ne. A Najeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022 shekara 50 ta ba sautin da aka naɗa, 70 kuma bayan mutuwa ga mai tsara kiɗa ko waƙa, kenan rabuwar nan ta haƙƙi biyu ta shafi tsofaffin faifan garmaho na mawaƙanmu, sautin da aka fitar a farkon 1970 wa'adinsa ya cika amma waƙar tana hannun magada. A Turai kuwa ƙofar da aka rufe a 2013 sai 1 ga Janairu 2034 zata sake buɗewa, ranar da faifan 1963 zasu fita, na 1964 da 1965 su biyo baya shekara bayan shekara.